An Ba Masta Hanya

Ƙarfe takwas saura kwata na safiyar Laraba aka bugo waya caji ofis, aka ce an tsinci gawa a tsohuwar tashar jirgin ƙasa da ke bayan Rigachikun. Sufeto Abdurrahim ko rabin shayinsa bai sha ba. Ya ture kofin, ya ce wa Saje Hassana ta ɗauko littafi ta biyo shi.

Tashar, in har za a kira ta tasha, tana kan wani reshen dogo da jirgi ya daina bi shekara ashirin da bakwai ke nan. Ciyawa ta cinye layin, awaki sun gaje dandamalin. Sai bana wata mata daga Malali, Hajiya Zuwaira, ta karɓi hayar ginin don ta mai da shi gidan abinci. An shafa fenti, an shimfiɗa tayil, tagar da ake yankar tikiti an faɗaɗa ta yadda faranti zai wuce. Ga allo nan jingine da bango, ba a kafa ba tukuna: Girkin Dije. Saura kwana tara a buɗe.

Ɗaki ɗaya ne fenti bai taɓa ba, wato ɗakin sigina da ke ƙarshen ginin. A nan gawar take.

Malam Abdulƙadir ne, wanda kowa ya fi sani da Masta, shugaban tashar na ƙarshe. Da jirgi ya ɗauke ƙafa kowa ya kama gabansa, shi ya ƙi. Ba mata, ba ɗa, ba jika. Ya shimfiɗa tabarmarsa a ɗakin nan yana jiran jirgi, har jira ya zame masa sana'a.

Sufeto ya tsuguna. Akwai rauni a ƙeyar tsohon, ga jini a gindin wasu manyan libobi uku, wato sandunan ƙarfen da ake ja a sarrafa layi da sigina, da ke kafe a tsakar ɗakin, baƙa da shuɗiya da ja. Amma an miƙar da ƙafafunsa, an juya fuskarsa alƙibla, an rufe ta da koriyar tuta.

"Wanda ya faɗi shi kaɗai ba ya gyara wa kansa kwanciya," in ji Sufeto.

Libobin ya tsaya kallo. Duka ukun an jawo su baya. Hannayensu ƙyalli suke kamar sabon cokali, sai dai a kan jar akwai shatin yatsu da baƙin maiko. A samanta kuma an rataye wani farin tsumma, ninki uku, tsaf.

"Yallabai, zo ka gani," Saje Hassana ta kira daga waje. Sigina take nunawa, wani dogon ƙarfe can gefen layi, mai hannu ja a ƙoli. Hannun ya sunkuya ƙasa. "A unguwar nan na tashi. Abin can kullum a miƙe na san shi."

"To in ya sunkuya fa?"

"An ba jirgi hanya ke nan."

Sufeto ya dubi layin, ya dubi awakin da ke kwance a kai. Wane jirgi?

Wanda ya kawo rahoto shi ne Sharhabil, ɗan kwangilar da ke aikin gyaran. Sai gumi yake, ga shi rana ba ta ɗaga ba.

"Yaushe ka zo?"

"Bakwai da rabi, ranka ya daɗe. Na ga ƙofa a buɗe, na leƙa, na gan shi."

"Ka taɓa shiga ɗakin nan kafin yau?"

"Ni? Wallahi ko sau ɗaya."

Sufeto ya ja shi ciki, ya nuna masa gindin baƙar libar. An rubuta lamba da alli, irin wadda 'yan gwangwan ke sa wa ƙarfe in sun kimanta nauyinsa.

"Wannan fa? Aljani ya rubuta?"

Sharhabil ya ce, "To, gaskiya makon jiya ne, ranar da tsohon ya tafi sallar Juma'a. Na kawo mutum biyu su duba, tunda dai nan ne zai zama kicin, dole a tumɓuke su. Amma wallahi mu uku muka taru a kan jar can, ko motsi ba ta yi ba. Muka ce tsatsa ce."

"Yau kuma ga ta a jaye."

"Ni ma abin da ya ɗaure min kai ke nan."

"Wa ke da rigima da tsohon?"

Ya waiga hagu da dama, ya rage murya. "Jiya da yamma Hajiya ta yi masa tas a gaban leburori. Ai sharaɗi aka yi mata, in ba ta buɗe ƙarshen watan nan ba, a karɓe ginin a ba wani. Shi kuma ya hana mu shiga. Ta ce masa zai bar ɗakin nan ko da a makara ne."

Kash! Baki shi ke yanka wuya. Saje Hassana ta rubuta maganar kalma da kalma.

Hajiya Zuwaira na zaune a kan wata sabuwar kujera da ko ledarta ba a cire ba. Za ta kai shekara arba'in da biyar. Ta ajiye aikin ma'aikata ne don wannan wuri, kuma duk wanda ya kalli idonta ya san ba ta da wani abin da ta dogara da shi bayan wannan.

"Hajiya, me ya sa sai nan? Gine-gine sun ƙare a Kaduna?"

"A dandamalin can na yi wayo, yallabai. Mahaifiyata, Dije, ita ke sayar wa fasinja tuwo da miyar kuka ta taga, ni ina riƙe mata kwanuka. Har ta rasu ba ta taɓa samun rumfa ba. Na ce sai na sa sunanta a jikin ginin nan."

"Kin ce wa marigayin zai fita a makara?"

"Na faɗa. Ɓacin rai ne. Mutumin nan shi ya yi min huɗuba da aka haife ni."

"Kin shiga ɗakin yau?"

"A'a."

Saje Hassana ta matso, ta kama gefen hijabinta ta ɗaga. Baƙin maiko ne, sabo, wurin da aka goge hannu.

"Na mota ne," in ji Hajiya, ba ta ɗago ba.

"Wa kuma ya san aikin libobin nan?" in ji Sufeto.

"Ba kowa. Duk sun mutu."

Ƙarya ta biyu ke nan, kuma ba ta yi nisa ba. Limamin masallacin bakin layi, da ya zo roƙon a ba su gawa kafin la'asar, shi ya ce ai tsohon mai sigina na tashar yana nan da ransa, gidansa bayan makarantar firamare. Malam Musa sunansa. Shi ne mahaifin Hajiya.

Suka tarar da Malam Musa a zaure, tsoho siriri, fari fat da furfura, butar shayi na tafasa a kan gawayi a gabansa.

"Baba, ka ji abin da ya faru?"

"Na ji. Allah ya jiƙan Masta. Shekara talatin da ɗaya muka yi aiki tare."

"Yaushe rabonka da tasha?"

"An daɗe. Ƙafa ta ƙi."

"Maza uku sun kasa jan liba ɗaya. Tsatsa ce?"

Nan tsohon ya ɗan miƙe zaune, kamar an taɓo masa inda yake ƙaiƙayi. "Wace tsatsa? Masta kullum sai ya ba su mai. Jahilci ne. A kulle suke da junansu. Sai ka ja baƙa, ta daidaita layi. Ka ja shuɗiya, ta kulle shi. Sannan ja za ta yarda. Kuma kowace akwai ɗan maƙulli a bayan hannunta, in ba ka matse ba, ko raƙumi ka ɗaura ba za ta gusa ba."

"Hajiya ta san wannan?"

"Ina! Mace da yaro ba su shiga ɗakin sigina. Doka ce."

"To me zai sa mutum ya ba da hanya a layin da babu jirgi?"

Malam Musa ya kawar da kai. "Hauka mana."

Butar ta tafaso. Ya sa hannu a kafaɗa ya zaro wani tsumma, ya naɗe hannun butar ya sauke ta. Da ya gama, bai ma duba ba, yatsunsa suka ninke tsumman sau uku, suka rataye shi a hannun kujera, tsaf.

"Baba, wannan ninki fa?"

"Sabo ne, ɗana. Mai sigina ba ya taɓa liba da tafin hannu, gumi na cin ƙarfe. Da tsumma ake kamawa, a ninke a rataye."

Sufeto ya sha shayin, amma bai ji ɗanɗanonsa ba. A mota Saje Hassana ta ce, "Yallabai, tsumma ba shaida ba ne."

"Na sani. Shi ya sa ban sa masa ankwa ba."

Suka koma ɗakin sigina bayan azahar. Yanzu da aka ɗauke gawa sai ga wani shati a ƙasa, inda aka ja abu mai nauyi daga lungu zuwa ƙofa, aka kuma mai da shi. Akwatin ƙarfe ne na Masta. A ciki akwai kaki biyu, usur, da littattafai masu baƙin bango jere a kan juna.

Littafin shigar jirgi da fitarsa ne. Sufeto ya buɗa na sama. Kowace safiya ƙarfe shida da rabi Masta ya rubuta kwanan wata, a gabansa kalma biyu: Babu jirgi. Shafi bayan shafi, shekara bayan shekara. Babu jirgi. Babu jirgi. Na yau ne kawai ba a rubuta ba.

Allah sarki! Sufeto ya ga gawarwaki iri-iri a aikin nan, amma wannan littafi shi ya karya masa zuciya.

Can sai ya ci karo da wani layi daban: An ba Direba Abdullahi hanya. An rufe bayan jana'iza. Allah ya jiƙansa. Ya bincika sauran littattafan, ya sami irinsa har suka cika tara. A bangon littafin farko kuma an jera sunayen ma'aikatan tashar, mutum goma sha ɗaya. An soke tara. Saura Abdulƙadir da Musa.

"Kin gani, Saje? Al'adarsu ce. In nasu ya rasu, sai su sauke masa sigina, ba a ɗagawa sai an kai shi makwanci. Wanda ya yi wannan ba ɓoye laifi yake ba, sallama yake da abokinsa."

Bai rufe baki ba sai ga Hajiya Zuwaira a bakin ƙofa. An gaya mata 'yan sanda sun je gidan mahaifinta. Ta miƙo hannaye biyu.

"Yallabai, ka daina wahala. Ni ce. Na zo da sassafe, muka yi cacar baki, na ture shi."

"Siginar fa?"

"Ni na ja. Don a ce ya haukace ne ya faɗi."

Gaskiya da wani ne, da nan aiki ya ƙare. Ga barazana a gaban shaidu, ga maiko a hijabi, ga yatsu a liba, ga amsa laifi. Difi'o ma, shugaban caji ofis, ya bugo sau biyu yana tambaya me ake jira. Sufeto ya dube ta ya ce, "To Hajiya, tunda ke kika ja, mayar mana da ita."

Ta kama jar libar da hannu biyu ta tura. Shiru. Ta sa kafaɗa, ta tokare ƙafa, ta tura har hijabinta ya zame. Ko gezau. Maƙullin yana nan a ƙarƙashin yatsunta, ba ta san da shi ba.

"Haka kika yi da safe," in ji Sufeto a hankali. "Kin riga Sharhabil zuwa. Kina hango siginar kika san ko wane ne, don mutum ɗaya ya rage a duniya da zai yi wa Masta haka. Kika shiga ki ɗaga ta, ta ƙi."

"Ni ce! Na ce maka ni ce! Babana shekararsa saba'in da takwas, yallabai. Ko wata ɗaya ba zai yi a gidan yari ba. Ku ɗauke ni, ku ɗauke ginin, na yafe!"

"Sakar musu ƙarfe, Uwata. Za ki ji ciwo."

Malam Musa ne a bakin ƙofa. Sunan mahaifiyarsa ya sa mata, shi ya sa bai taɓa kiran ta da wani suna ba. Daga maƙabarta yake, jar ƙasa har gwiwar wandonsa.

"Baba, don Allah ka tafi gida."

"Gida kuma? Na yi ƙarya sau ɗaya yau, ta ishe ni." Ya juya ga Sufeto. "Sa yarinyar nan ta rubuta, ɗana."

Saje Hassana ta buɗe littafi.

"Bayan sallar asuba na zo. Na ce Masta, taso mu tafi gidana, na share maka ɗaki. Ka bar yarinyar nan ta ci abinci, ta sa duk rayuwarta a nan. Ya ce in ya tashi, wa zai karɓi jirgi? Na ce wane jirgi, Masta? Jirgi ya mutu, mu ma mun mutu, binne mu ne ba a yi ba. Na kama akwatinsa na ja zuwa ƙofa, ya kama ɗaya gefen."

Ya tsaya ya nisa.

"Sai ya ce da ni, kai Musa, da bakinka ka ci abincin reluwe shekara talatin, yau kai ne za ka sa a soya albasa a ɗakin sigina? Ya ce ni maci amana ne. Ni! Zuciya ta ɗebe ni. Na ce to karɓi tsiyarka, na hankaɗa masa akwatin a ƙirji. Ya tafi da baya."

"Nan take ya cika?"

"A'a. Ya kai rabin awa."

"Rabin awa, Baba? Ga titi nan, ga masu keke Napep. Me ya hana ka nemi taimako?"

"Na miƙe zan fita, ya riƙe min riga. Ya ce Musa, in ka kira mota za su fitar da ni, kuma ba za su bar ni in dawo ba. Na zauna. Ba zan ɗora masa duka ba. Ni ma na yi tunanin in aka ji, an rufe wa Uwata wuri. Na zauna ina laƙƙana masa kalmar shahada, ina kallo har ya tafi."

"Ka san siginar ce za ta tona ka?"

"Na sani tun ina ja. To ya zan yi? Mutum tara ya ba hanya da hannunsa. Shi ne zai tafi hanya a rufe?"

Hajiya Zuwaira ta fashe da kuka. Ta durƙushe a gindin libobin. Ta so ta ceci ginin ta ceci uban, ga shi duka biyun sun kuɓuce mata a yini guda. Ɗakin da zai zama kicin ya zama wurin bincike, ba mai taɓa shi sai an gama shari'a, kuma wata ba zai jira shari'a ba.

Sufeto ya ciro ankwa, ya juya ta a hannu, ya mai da ita aljihu. Ina tsohon zai gudu?

"Mu je, Baba."

"Alfarma ɗaya, ɗana. An binne shi. Ba a barin hanya a buɗe bayan jirgi ya wuce."

Sufeto ya dubi Saje Hassana. Ta riga ta ɗauki hotunan komai. Ya gyaɗa kai.

Malam Musa ya zare tsumman daga kan liba, ya naɗe hannunsa. Ya matse maƙullin, ya tura ja, ta tafi sumul kamar ba ita ta gagari maza uku ba. Waya ta yi ƙara a waje, hannun sigina ya ɗaga ya miƙe. Ya mai da shuɗiya, ya mai da baƙa. Ya ninke tsumman sau uku ya rataye.

A dandamali ya tsaya gaban allon da ke jingine, ya daɗe yana kallon sunan matarsa. Sannan ya ɗaga kai ya dubi siginar.

"Masta ya yi sa'a," in ji shi. "Ya sami wanda ya ba shi hanya. Ni kuwa, ɗana, wa zai ba ni?"

Sufeto Abdurrahim ya buɗe masa ƙofar mota, ya riƙe masa hannu har ya zauna.

Da suka juya za su hau titi, ya hango Hajiya Zuwaira ta madubi. Ta ɗaga allon ita kaɗai, ta juya rubutun ya fuskanci bango, ta zauna a ƙasa kusa da shi. Leburori kuwa tuni sun fara kwashe kayan aikinsu.